Wa Ya Fara Karya Alkawari, Direba ko Mai Mota?

Daren da aka rufe kakar tseren motoci na Formula 1 ta 2025 a Abu Dhabi, muna zaune wajen mai shayi bayan isha'i, wani abokina da ba ya saka baki a zancen tsere sai an taɓo Lewis Hamilton ya dire kofi ya dube ni.

"Malam, ka ga abin da nake gaya maka ko? Shekara guda cur a Ferrari, ko sau ɗaya bai shiga ukun farko a babban tsere ba. Alhakin Mercedes ne. Mutanen da suka ba shi kambu shida, rana tsaka ya juya musu baya. Ai butulu ba ya gamawa lafiya."

Kalmar butulu ɗin nan ce ta tsaya min a rai, don ba shi kaɗai ke faɗinta ba. Duk lokacin da direba ya tattara kayansa ya koma wata ƙungiya, sai ka ji ana maci amana, ana kwaɗayayye, ana bai san halacci ba. Amma in ƙungiya ce ta kori direba a tsakiyar kaka, sai a gyaɗa kai a ce ai kasuwanci ne.

Ni dai ra'ayina shi ne: direban da ya nemi mota mafi gudu, ya fita ta ƙofar da kwantiraginsa ya bar masa a buɗe, bai ci amanar kowa ba. In ana neman masu yaga takarda a wannan wasa, a fara leƙa ofisoshin shugabannin ƙungiyoyi. Jita-jitar da muke bi kullum a waya kuwa, yawancinta ciniki ne ake yi da kunnuwanmu.

Kujera kaɗan, mota ce sarki

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa sai ya ɗan gyara tunani. Nan babu lokacin buɗe kasuwa da rufe ta, kuma ba a saba sayar da direba kamar yadda ake sayar da ɗan wasa ba. Ƙungiya goma, kowacce mota biyu, kujera 20 ke nan a duniya kaf, sai a 2026 da shigowar Cadillac ta mai da su 22.

Sannan komai ƙwarewarka, ba ka wuce abin da motarka za ta iya. A 2023 an yi tsere 22, Red Bull ta lashe 21. Ba wai sauran direbobin sun manta tuƙi ba ne a shekarar. Don haka zaɓen ƙungiya shi ne babban hukuncin da direba zai yanke a rayuwarsa ta aiki, ya ma fi duk wata kwana da zai sha a kan titi.

Abin da Hamilton ya yi, da abin da aka yi wa Sainz

A ƙarshen Agustan 2023 aka sanar cewa Hamilton ya ƙara shekara biyu da Mercedes. Abin da ba a kwarmata ba a lokacin shi ne akwai sharaɗin da ya ba da damar rabuwa bayan shekara ɗaya. Mercedes ta san da shi, da hannunta ta sa. Dalilinta ma ba ɓoyayye ba ne: tana da wani yaro ɗan Italiya, Kimi Antonelli, da take raino tun yana ƙarami, ba ta so ta ɗaure kanta da dattijon da ya doshi arba'in.

To, mutumin da ya yi 2022 da 2023 bai ci tsere ko ɗaya ba, wanda gidansu suka ƙi ba shi doguwar yarjejeniya, sai ga Ferrari ta zo da tayi mai tsawo. Me ake so ya yi? Ya zauna har a zo a ce masa an gode? Ya je har gida ya faɗa wa shugabansa Toto Wolff baki da baki, aka sanar ranar 1 ga Fabrairun 2024, tun kafin a tayar da injin farko na kakar. Ya ba su kusan shekara guda su nemi madadinsa. Kuma bai yi musu aikin ganin dama ba, don a wannan shekarar ta bankwana ya ci musu tseren Birtaniya da na Beljiyam. Daga baya Wolff da kansa ya nuna cewa tafiyar ta sauƙaƙa masa, ta raba shi da ranar da zai kalli idon Hamilton ya ce masa lokaci ya yi.

Yanzu a juyo kan kujerar da Hamilton ya hau. Mai ita Carlos Sainz ne, wanda shi kaɗai ya hana Red Bull cinye 2023 gaba ɗaya, da nasararsa a Singafo. Kwantiraginsa zai ƙare a ƙarshen 2024, yana tsammanin sabuntawa, sai ya ji an ba wani. Makonni kaɗan bayan haka aka yi masa tiyatar afendis a Saudiyya, ya tashi da ɗinki a ciki ya je Ostireliya bayan mako biyu ya ci musu tsere, sannan ya ƙara da na Meziko. Ferrari ba ta karya doka ba, na yarda, wa'adi ne ya cika. Amma ai Hamilton ma bai karya ba. Me ya sa ɗaya butulu, ɗaya kuwa "ta yi dabara"?

In kuma alhaki ake lissafi, a 2025 Sainz ya shiga ukun farko sau biyu da motar Williams, a Baku da Katar, alhali wanda ya gaje shi bai samu ko ɗaya ba. Sai dai ni ban ga alhaki a nan ba, na ga motar Ferrari da ba ta ci babban tsere ko ɗaya ba duk shekarar, har a hannun Charles Leclerc da ya daɗe a gidan.

Gidan da ake karɓe makulli da safe

Duk wanda ya san tasha ya san direban haya da mai mota. A ba ka mota taya ta cinye, giya tana tsalle, a ce kullum yamma ka kawo balas cif. Ka yi kwana biyu ba ka cika ba, ka fito da safe ka tarar an ba wani makulli, babu sallama. Amma ranar da kai ka samu mai sabuwar mota ka koma wurinsa, ranar za a tara maka jama'a a ce ba ka da mutunci.

Red Bull ta mai da wannan ɗabi'a tsarin aiki. A Mayun 2016 ta sauke Daniil Kvyat bayan tsere huɗu ta ɗora Max Verstappen. A Agustan 2019 ta sauke Pierre Gasly ta ɗora Alex Albon, shi ma bai wuce ƙarshen 2020 ba. Nyck de Vries tsere goma ya yi a ƙaramar ƙungiyarsu a 2023 aka sallame shi. Daniel Ricciardo ya yi tserensa na ƙarshe a Singafo a 2024 ba tare da an fito an faɗa wa duniya na ƙarshe ba ne, sai bayan kwanaki aka sanar, mutumin da ya ci wa gidan tsere bakwai.

Na Sergio Perez ya fi ban mamaki. A Yunin 2024 aka sanar an ƙara masa shekara biyu. A Disamban wannan shekarar aka raba gari. Wata shida. Aka ɗora Liam Lawson, ya yi tsere biyu rak, Ostireliya da Sin, aka mai da shi ƙaramar ƙungiya aka kawo Yuki Tsunoda, shi ma da kakar ta ƙare aka karɓe kujerar aka ba Isack Hadjar.

Kada a ce na matsa wa gida ɗaya. Ferrari ta kori Alain Prost, mai kambu uku a lokacin, kafin tseren ƙarshe na 1991 saboda ya kushe motarsu a bainar jama'a. A ƙarshen 2009 ta biya Kimi Raikkonen, wanda ya ci mata kambu a 2007, don ya ba Fernando Alonso wuri. Sauber kuwa a 2015 ta wayi gari da direbobi uku masu takarda a hannu kan kujera biyu, sai da Giedo van der Garde ya kai ta kotu a Melbourne, ya yi nasara, daga ƙarshe aka biya shi ya haƙura.

"Amma ai alkawari kaya ne"

Haka ne, kuma ba na wasa da wannan magana. Sai dai alkawari shi ne abin da aka rubuta gaba ɗayansa, har da layin da ya ce in kaza ta faru kowa na iya kama gabansa. Wanda ya bi wannan layi yana cikin alkawarinsa.

Akwai direbobin da suka yi abin kunya, ba zan rufe musu ba. Jenson Button a 2004 ya sa hannu da Williams yana cikin ƙungiyar BAR, aka yi shari'a aka ce BAR ce mai gaskiya, ya zauna. Ya sake ɗaure kansa da Williams don 2006, da ya ga al'amuran Williams sun ja baya sai ya ce ya fasa, ya biya maƙudan kuɗi ya fanshi kansa. Wannan rawar kai ce, kuma ya ji a aljihunsa.

Ita kanta hukumar da ke raba irin wannan gardama, wadda ake kira CRB, rikici ne ya haife ta. A 1991 Michael Schumacher ya yi tserensa na farko a Beljiyam da motar Jordan, tsere na gaba a Monza sai ga shi cikin motar Benetton, an ture Roberto Moreno gefe. Bayan wannan aka kafa hukumar lauyoyi da ake ajiye kwantiragin kowane direba a wurinta, in ƙungiya biyu suka yi ja-in-ja a kan mutum ɗaya ita ke cewa ga mai shi. Lura da aikinta: tana raba faɗan ƙungiya da ƙungiya ne. Direban da aka sauke a tsakiyar kaka, abin da zai samu bai wuce kuɗi ba, kujera kam ta tafi.

"Su suka raine shi da kuɗinsu"

Wannan ce hujja mafi nauyi, kuma Oscar Piastri ake bugawa da ita. Yaron ɗan Ostireliya ne, yana makarantar horon Alpine (Renault ake kiranta a 2020) ya ci ƙananan gasannin da ake bi kafin Formula 1, wato Formula 3 a 2020 da Formula 2 a 2021, duk a shekararsa ta farko. Alpine ta kashe kuɗi a kansa, ta ba shi tsohuwar mota ya yi ta gwaji. Wanda ya ci ladan kuturu, in ji masu wannan ra'ayi, dole ya yi masa aski.

Bari mu bi kwanakin. A 2022 yaron nan yana zaune a benci, ba kujera. Ranar 28 ga Yuli Sebastian Vettel ya ce zai yi ritaya. Ranar 1 ga Agusta Alonso, direban Alpine a lokacin, ya ba ta mamaki, ya koma Aston Martin kan kujerar Vettel. Washegari Alpine ta fitar da sanarwa cewa Piastri ne direbanta na 2023, sanarwar da babu kalma ɗaya daga bakin yaron a cikinta. Cikin 'yan sa'o'i ya rubuta a Twitter cewa ba da saninsa aka fitar ba, bai sa hannu ba, kuma ba zai tuƙa wa Alpine ba. Duniya ta ɗauka. Shugaban ƙungiyar na lokacin, Otmar Szafnauer, ya fito yana zargin yaron da rashin dattako.

Ranar 2 ga Satumba CRB ta yanke hukunci, duk alƙalan bakinsu ɗaya: takarda ɗaya ce mai inganci, wadda Piastri ya sa wa hannu da McLaren tun 4 ga Yuli. Alpine ba ta da kwantiragin tsere da shi, har kuɗin shari'a aka ɗora mata. Ashe wata da watanni ana ce masa takarda na nan tafe, ba ta zo ba, domin ƙungiyar tana so ta riƙe Alonso ta kuma ajiye yaron a aljihu, ko ta ba da aronsa wani wuri. Sai da babban ya kufce aka tuna da ƙaramin.

Raino gaskiya ne, amma zuba jari ne, ba sadaka ba. Ƙungiyoyin nan suna ɗiban yara da yawa, su zubar da mafi yawansu ba tare da kowa ya ji ba. In kana so wanda ya yi fice ya zauna, ka ba shi takarda da kujera a kan lokaci. Piastri ya ci tsere bakwai a 2025, McLaren ta ɗauki kambun ƙungiyoyi shekara biyu a jere, Alpine ta ƙare ta ƙarshe a tebur. Da ya tsaya nuna halacci, wa zai biya shi waɗannan shekarun?

Kuma a wancan cinikin ma akwai wanda aka taka: Ricciardo, da sauran shekara guda a kwantiraginsa na McLaren, aka biya shi aka ce ya tashi.

"Kuɗi kawai suke bi"

Wasu kam suna bi, kuma tun da albashin direba ba ya cikin iyakar kashe kuɗin da aka kafa wa ƙungiyoyi a 2021, manyan gidaje suna iya zuba abin da suka ga dama. Amma manyan sauye-sauyen da suka canza tarihi caca ce a kan mota. Da Hamilton ya bar McLaren mai cin tsere ya koma Mercedes a 2013, dariya aka yi masa. Ya hango sabon injin 2014 ne, cacar ta biya. Alonso ya yi irin tasa, ya bar Ferrari ya koma McLaren mai injin Honda a 2015, ya faɗa rami. Rabonsa da cin tseren Formula 1 tun 2013 a Sifaniya. Mutum ne ke saka shekarunsa mafi kyau a faranti, in ta ɓaci shi ke asara. Ƙungiya tana iya jiran shekara goma ta gyaru, ƙashin bayan direba ba ya jira.

Jita-jita: wa ya jefa dutsen?

An ce ruwa ba ya tsami banza, kuma wani lokacin haka ne. Zancen Hamilton da Ferrari an shekara da shekaru ana yi ana musantawa kafin ya tabbata. Amma abin da ya kamata mai karatu ya tambaya shi ne wa ke cin riba in zancen ya bazu yau.

Dubi damunar 2025. Verstappen yana da kwantiragi da Red Bull har 2028, amma aka wayi gari ba a zancen komai sai komawarsa Mercedes. Kafofin labarai suka yi ta ruwaito cewa akwai sharaɗin da zai ba shi damar fita in matsayinsa a tebur ya faɗi ƙasa. George Russell, direban Mercedes wanda nasa kwantiragin ke ƙarewa, ya fito ya ce ana magana da Verstappen shi ya sa nasa ke jinkiri. Abin har ya kai masoya suna bin diddigin jirgin saman Verstappen da jirgin ruwan Wolff a intanet, suna murna sun gano duka biyun suna wajen tsibirin Sardiniya. Manya da gemunsu suna gadin taswira!

A cikin wannan hayaniya, ranar 9 ga Yuli Red Bull ta sauke Christian Horner bayan shekara 20 yana jan ragamarta. Ƙarshen watan, a Hungari, Verstappen ya ce yana nan daram. Ba zan ce wannan ne ya jawo wancan ba, amma a ganina kowa ya samu abin da yake so daga surutun. Ɓangaren Verstappen sun nuna wa Red Bull cewa suna da wurin zuwa. Wolff ya girgiza abokan hamayya, ya kuma samu abin riƙe wa nasa direban wuya a teburin ciniki. Masu shafuka sun samu dannawa. Wanda ya sha wahala shi ne Russell, da ya ci tseren Kanada a Yuni amma ya yi ta amsa tambayar ko yana da aiki baɗi, har sai Oktoba, bayan ya ƙara cin na Singafo, aka tabbatar da shi.

Ba na cewa a daina hirar, ni ma ina jin daɗinta, musamman a hutun Agusta da babu tsere. Amma in ka ga "majiya ta kusa" ta yi magana, ka sani manaja ne, ko uban direba, ko wani a ofishin ƙungiya, kuma ba don Allah ya kira ɗan jarida ba.

Waɗanda ya kamata a ji tausayi

Hamilton da Verstappen ba sa bukatar kariyata, suna da lauyoyi da suka fi ƙarfin wasu ƙungiyoyin. Perez ma ya huta shekara guda ya dawo da Cadillac. Yaran da ke shigowa ne abin dubawa.

Jack Doohan bai fara kakar 2025 ba Alpine ta ɗauko Franco Colapinto daga Williams ta ajiye a benci, tun a Janairu. Daga ranar kowace hira da 'yan jarida tambaya ɗaya ce: saura tsere nawa a cire ka? Yaro yana shiga mota mai gudun sama da kilomita 300 a sa'a da wannan a ransa. Tsere shida aka ba shi aka sauke shi. Nan jita-jita ta tashi daga nishaɗi, ta zama igiya a wuyan mutum.

Ga shi kuma an taƙaita gwaji ƙwarai. Kafin kakar 2025 kwana uku aka ba kowace ƙungiya a Bahrain da mota ɗaya, wato kwana ɗaya da rabi ga kowane direba. Da wannan Lawson ya shiga motar Red Bull da ta gagari Perez mai shekara 14 a wasan, a kan tituna biyu da bai taɓa tsere a kansu ba, aka yanke masa hukunci.

In ana so a gyara wani abu a kasuwar direbobi, nan ya kamata FIA, hukumar da ke kula da wasan, ta sa hannu: ƙungiyar da ta sanar da sabon direba a farkon kaka ta riƙe shi aƙalla zuwa hutun Agusta, sai fa in rauni ko haɗari ga wasu ya hana. Na san za a ce ƙungiya tana asarar maki, maki kuwa kuɗi ne a ƙarshen shekara. Gaskiya ne, amma ita ta zaɓe shi, tana da bayanan kowane zagaye da ya taɓa yi tun yana yaro. In zaɓen ya ɓaci, wanda ya yi zaɓen ya ɗanɗana rabin kaka tukuna. Na kuma san da wuya dokar ta samu shiga, don ƙungiyoyin suna da ƙuri'a a zauren da ake tsara dokokin wasan, direbobi kuwa ba su da ko ɗaya.